Mai Jar Riga

Ranar da na fara shiga sansanin tawagar ƙwallon kwando ta matan Masar, ɗankwalina kocin tawagar, Kyaftin Medhat, ya fara duba, kafin tsawona, kafin hannuwana.

"Ke ce Shuruk ta Mahalla?"

"Ni ce, Kyaftin."

"Kin san dokar waje?"

Na san ta, kamar duk yarinyar da ke buga ƙwallo a ƙasarmu. A gasar cikin gida ba mai hana ki rufe kanki, amma da zarar an tsallaka iyaka, hukumar wasan ta duniya ba ta yarda a shiga fili da wani abu a ka ba, wai kada ya ji wa wani rauni. Irin yadin nan Babana yake saƙawa a masaƙar garinmu Mahalla tun ba a haife ni ba, ban taɓa jin ya fasa wa kowa goshi ba.

"Na san ta," na ce.

"Za ki cire?"

"A'a."

Ya juya usur a yatsansa. Na zaci zai ce in kama hanyar tasha. Sai ya sa hannu cikin wata jaka ya ciro jar riga mara hannu, ya jefo min.

"To ba za ki hau jirgi ba. Amma ina da aikin da zan ba ki."

Aikin shi ne wanda muke kira inuwa. 'Yan tawaga suna sa farar riga a atisaye, masu jar riga kuma su zama abokan gaba. Sauran masu jan 'yan mata ne da ake arowa daga kulob-kulob, su zo su tafi. Ni kaɗai aka ba mutum guda in zama ita: wata bahaguwar 'yar wasan Senegal da muke kira Hasumiya, wadda ta sha fitar da mu daga gasar Afirka. Kyaftin ya zaunar da ni gaban talabijin, muka yi ta kallonta har idona ya yi ja. Yadda take karɓar ƙwallo, yadda take sunkuyar da kafaɗa, yadda take kutsawa ta hagu kamar an buɗe mata ƙofa.

"Yanzu dubi nan," ya ce, ya tsayar da hoton. "In aka toshe mata hagu aka bar mata dama, me take yi?"

"Ƙafarta tana harɗewa. Ƙwallon yana kuɓuce mata."

"Haka ke ma za ki yi."

"In yar da ƙwallo da gangan?"

"Inuwa ba ta fin mai ita wayo. In ta yi tuntuɓe, ki yi tuntuɓe. Ta ina yarana za su koyi kayar da ita in ke ba kya faɗuwa?"

Ni da hannun dama aka san ni a Mahalla, da shi na kai kulob ɗinmu wasan ƙarshe har aka kira ni Alƙahira. Na ajiye shi na koyi hagu. Na buga da hagu, na jefa da hagu, na buɗe ƙofa da hagu, har wata Juma'a da na je gida na miƙa hannu zan ɗauki burodi, Mama ta doke shi da bayan cokali.

"Da hannun Shaiɗan za ki ci abinci a gidana? Abin da suke koya miki ke nan a Alƙahira?"

"Aikin ƙasa ne, Mama."

"Ƙasar ta zo ta ci da hagun mu gani."

A sansani ba a kirana da sunana. "Senegal, miƙo ruwa." "Senegal, an kira salla, ko a garinku ba a yi?" Kyaftin kuma yakan ƙi busa usur ɗinsa in an doke ni, ya ce alƙalan waje ba za su tausaya wa kowa ba, gara su saba buga Hasumiya da ƙarfi tun daga gida. Suka saba. Gwiwar hannun wata ta karya min hanci, aka toshe shi da auduga na koma fili. Ƙaramin yatsana na hagu har yau a karkace yake. Ban taɓa kuka a gabansu ba, kuma ban taɓa roƙon a busa min usur ba.

Idan lokacin tafiya ya zo, babbar mota takan tsaya a ƙofar sansani ta kwashe 'yan tawaga goma sha biyu zuwa filin jirgi. Ni kuma in rataya jakata in nemi ƙaramar bas ta Mahalla, in koma karatuna na harhaɗa magunguna a jami'ar Tanta. A falonmu nake kallon wasannin, Babana yana gefe da kofin shayinsa. Duk sa'ad da suka tura Hasumiya dama ta yar da ƙwallo, sai ya buga cinyarsa.

"Wannan aikin 'yata ne! Wallahi aikin 'yata ne!"

Ba wanda ya ji shi sai bango da Mama. Ita kuwa takan ce min, "Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Na dafa, Mama. Romon ne ban gani ba."

Akwai wani filin siminti a bayan makarantar 'yan mata ta unguwarmu, kwandonsa ba raga. In na dawo daga Tanta can nake zuwa ni kaɗai in yi ta jefawa da dama, don kada hannun ya manta ni.

A ɗakin kwana na sansani, Basant ce abokiyar zamana. 'Yar unguwar Shubra ce a Alƙahira, bakinta ba ya hutawa, kuma ita ma da ɗankwali ta zo. Wuri ɗaya muke bugawa a fili, ita ake sawa ta tsare ni. Da aka yi mata tambayar da aka yi min, ta ce za ta cire. Takan cire a ɗakin sauya kaya a ƙasar waje, ta buga wasa, ta mayar. Amma talabijin ba ya ɓoye kowa. Gwaggwanninta sun gani, mutanen layinsu sun gani, uwar saurayin da ya yi mata baiko ma ta gani, ta aiko a karɓi zobensu.

Ranar da ta ba ni labarin zoben tana cin koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya, a kan gado, tana dariya.

"Ni ma na huta. Mutum ne da ko lemo aka jefa masa sai ya faɗi ƙasa."

Ban yi dariya ba. Ta ajiye cokali.

"Faɗi abin da ke bakinki, Ustaziya."

"Ban ce komai ba."

"Idonki ya ce. Kina ganin kin fi ni."

"Kanki ne, Basant. Ni nawa na sani."

"Eh, naki kika sani. Ke kina da digirinki a gaba, gobe ki sa farar kwat ki tsaya bayan kanta. Ni in ban buga ba me zan yi? In sayar da albasa a Shubra?"

Na tashi na cika mata kofinta da ruwa. Ta karɓa ta harare ni, ta ce, "Da hagu kika miƙo min, 'yar Senegal mara tarbiyya." A nan maganar ta tsaya, ba mu ƙara tayar da ita ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Na gama jami'a da jar riga a jakata. Waɗanda muka fara tare wasu sun yi aure, wasu gwiwa ta ajiye su. Kawuna ya samo min aiki a wani kantin magani, nakan ɗauki hutu ba albashi in je sansani a doke ni. Mutane suna tambayata me nake jira. Ba na ba su amsa, don in na ce doka nake jira ta gaji kafin ni in gaji, dariya za su yi.

Dokar kuwa ita ta fara gajiya. Wata safiya ina auna wa wata tsohuwa maganin tari, wayata ta yi ta ruri. Basant ce.

"An ɗage! Kina jina, Ustaziya? An ɗage dokar! Ki wanke ɗankwalinki mai kyau, za ki ga Afirka!"

Na gama auna maganin, na gaya wa tsohuwar yadda za ta sha. Sannan na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan kwali.

Sansanin da ya biyo baya ya zo da sabon tsari. Hukuma ta naɗa wani kwamiti na dattawa uku, su za su zo ranar ƙarshe su kalli wasan gwaji, su yanke su waye goma sha biyun. Goma sha ɗaya kowa ya san su. Kujera ɗaya ta rage, kuma duk mai ido ya san tsakanina da Basant take. Ba mu faɗa wa juna ba. Ta dai daina tsokanata da safe.

Ranar farko na je gaban Kyaftin na miƙa hannu.

"Farar riga, Kyaftin."

"An haɗa mu rukuni ɗaya da Senegal, kin sani. Wa zai yi min Hasumiya? Ki riƙe jan na wannan makon."

Mako ya wuce na koma.

"Gobe, Shuruk."

"Goben jiya ce yau, Kyaftin."

"Kada ki koya min lissafi, Dakta. Na ce gobe."

Na gane abin da ke ransa, kuma ba ƙiyayya ba ce. Ya ƙera kayan aiki da hannunsa, ya yi shekaru yana wasa shi, ba ya son ya rasa. 'Yar wasa ta goma sha biyu ana samunta a ko'ina. Inuwa irina babu ta biyu.

Ranar gwaji ta zo ina cikin ja. Dattawan suka zauna a kujerun roba a bakin fili, aka kawo musu shayi. Shugabansu wani mai furfura ne da kwat mai ruwan toka, ana ce masa Dakta Ra'afat, ya buga wasan a zamaninsa amma bai taɓa zuwa atisayenmu ba.

Aka busa. Basant ta tsaya a gabana yadda aka koya mata, yadda ni da jikina na koya mata: ta toshe hagu, ta bar dama a buɗe. Na karɓi ƙwallo, na sunkuyar da kafaɗa, na nemi hagu ban samu ba, na juya dama, na harɗe ƙafa, ƙwallo ya fita waje. Kyaftin ya tafa.

"Haka, Basant! Haka za ki yi mata!"

Aka sake, na sake faɗuwa. A karo na uku ƙwallon ya gangara har ƙarƙashin kujerar Dakta Ra'afat. Na je ɗauka. Bai ko rage murya ba da ya juya ga na kusa da shi.

"Kai, abin tausayi. Ga tsawo ga ƙarfi, amma ba ta da hannun dama ko kaɗan. Wa ya kawo wannan sansanin ƙasa?"

Na tsaya da ƙwallo a hannu. A lokacin na gane ba wanda ya gaya musu. Su dai sun ga wata doguwa mai ɗankwali tana tuntuɓe, shi ke nan abin da suka sani game da ni.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na sami Kyaftin a gefe.

"Ka gaya musu?"

"In gaya musu me?"

"Cewa ba ni ce nake faɗuwa ba. Cewa kai ka sa ni."

"Zan yi musu bayani daga baya."

"Bayan sun yanke?"

"Yau ce rana ta ƙarshe da yarana za su ga Hasumiya kafin su gan ta da gaske. Kada ki ɓata min ita. Koma fili."

Ina komawa Basant ta matso kamar za ta gyara igiyar takalmi. Ta ji komai, kuma ta san ni fiye da kowa a wurin.

"Shuruk," ta ce a hankali. Ba ta ce Senegal ba, ba ta ce Ustaziya ba. "Don Allah."

Na dube ta. Na san abin da ta biya kafin ta tsaya a wannan filin, ina ɗakin lokacin da take biya. Amma ni ma na biya, kuma ban taɓa jin an rera taken ƙasata ina tsaye a layi ba.

"Ki tsare ni da kyau," na ce mata. "Iyakar abin da zan iya gaya miki ke nan."

Aka busa. Na karɓi ƙwallo, ta toshe hagu. Na mayar da shi hannun dama na wuce ta kamar tana tsaye a tasha, na ajiye shi cikin kwando. Filin ya yi tsit. Aka dawo, na sake. Ta san ina zuwa dama, na gaya mata da bakina, amma ƙafafunta sun yi shekaru suna koyon buɗe wannan ƙofar, ba za su manta a yini ɗaya ba. Da ta tilasta musu suka rufe dama, sai na bi ta hagu da hannun Hasumiya. Da ta ja baya don ta tare duka biyun, na tsaya daga nesa na jefa irin jifar filin simintin Mahalla, ta shiga ba ta taɓa ƙarfe ba.

Kyaftin ya busa usur har jijiyar wuyansa ta fito.

"Hasumiya ba ta bin dama! Ke! Hasumiya ba ta bin dama!"

"To ta zo ta koya," na ce, yadda duk filin zai ji. "Sunana Shuruk Abdul-Maula."

"Fita min daga fili!"

Dakta Ra'afat ya ɗaga hannu daga kujerarsa. "Bar ta, Kyaftin. Yanzu muka fara ganin wasa."

Aka bar ni. Ban sassauta ba har aka tashi, ko sau ɗaya. Basant ta faɗi ƙasa tana bina, ta tashi, ta sake faɗi, gwiwarta tana jini. Ba ta nemi a canza ta ba.

Bayan la'asar aka tara mu a tsakiyar fili, Kyaftin ya kira sunayen waɗanda aka zaɓa ba tare da ya ɗago kai ba. Nawa ne na ƙarshe. Ba wadda ta tafa. Ya sallami kowa ya ce in tsaya.

"Kwamiti ya ba ki kujera a jirgi," ya ce. "Wannan ikonsu ne. Amma wanda zai taka fili, ikona ne. Kin ɓata min atisaye na ƙarshe, kin kunyata ni gaban baƙi, kin karya yarinyar da na shirya wa Senegal. Za ki zauna a ƙarshen benci har mu dawo."

"Zan zauna, Kyaftin."

"Kina ganin wasa nake?"

"A'a. Amma benci a bakin fili yake. Falon Babana a Mahalla yake."

Ya ce in je ɗakin kaya a auna ni.

Na tarar da Basant tana cusa kaya a jaka, ta ɗaure gwiwarta da bandeji. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Kada ki ba ni haƙuri," ta ce ba ta juyo ba. "In kika ba ni haƙuri sai na fasa miki hancin nan karo na biyu."

"Ba haƙuri na zo bayarwa ba."

"Na sani. Ke da ba da haƙuri? Sai dai Kogin Nilu ya juya ya koma kudu." Ta ja zik ɗin jakar ya maƙale, ta yi ta fama da shi. "Da ni ce ma haka zan yi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

"Kawo in riƙe miki jakar zuwa bakin titi."

"Ina da hannu."

Ta rataya jakar, ta gyara ɗankwalinta a madubi, ta bi ta gefena ta fita tana ɗingishi. Na ji takunta a kan matakala har ya ɓace.

Ranar tafiya babbar motar ta tsaya a ƙofar sansani. Na sa rigar tawaga mai tuta a ƙirji da sunana a baya, na hau. 'Yan matan suna zaune bibbiyu, duk wadda na wuce sai ta ɗora jaka a kujerar gefenta ko ta juya ga taga. Wata daga baya ta ce, "Ku matsa wa Senegal, kada ta bi ta kanku." Ba wadda ta yi dariya, ba kuma wadda ta tsawatar.

Na sami kujera biyu babu kowa a bayan direba. Na zauna ta taga, na ajiye jakata a ɗayar. Kyaftin ya hau ya ƙirga kawuna da yatsa, ya zo kaina ya ƙirga ni, ya ce wa direba mu tafi.